Shirun da Ya Ƙara Mini Wata Shida

A Ingila, idan aka kama baƙo da fasfo na jabu, ba a ɓata lokaci wajen binciken ko ya aikata. Fasfon yana kan tebur, hotonsa yana ciki, sunan kuma na wani ne. Abin da ya rage shi ne wata nawa za a ba shi, kuma ko watannin za su kai 12. Akwai wata doka ta 2007, wadda ta fara aiki a watan Agustan 2008, da ta ce duk baƙon da kotu ta ɗaure wata 12 ko fiye, wajibi ne ma'aikatar cikin gida ta ba da umarnin korarsa daga ƙasar, sai fa in yana da wata kariya ta musamman, kamar ta ɗan gudun hijira ko ta haƙƙin iyali. Mai wata 11 da mai wata 12 suna iya kwana ɗaki ɗaya a gidan yari, amma hanyar fitarsu daban. Ni 12 cif aka ba ni a 2011. Na daɗe ina ganin muguntar alƙali ce, kafin in gane cewa rabin watannin nan bakin da na kulle ne ya jawo mini su.

Na shiga ƙasar a 2006 da fasfona na gaskiya da bizar karatu. Mahaifinmu ne ke biyan kuɗin makaranta daga cinikin fata da yake yi a Kano. Ina shekara ta biyu Allah ya yi masa rasuwa, kuma da aka zauna rabon gado sai bashi ya fito ya fi dukiya. Makaranta ta ɗaga mini ƙafa na ɗan lokaci, sannan ta cire sunana, biza kuma ta ƙare. Abin da ya kamata in yi a lokacin kowa ya san shi, ni ma na san shi. Amma ciwon ƙoda ya kama Inna, an fara kai ta wankin ƙoda, Yaya malamin firamare ne da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, ga ƙanne mata a gida. Duk wayar da aka yi mini da "Allah ya yi maka albarka" take ƙarewa, kuma na san nauyin da ke cikin addu'ar.

Da farko aikin biya-a-hannu na riƙa yi, wankin mota da wanke-wanke a bayan gidajen abinci. A watan Fabrairun 2008 sai aka soma cin masu ɗaukar aiki tarar da ta kai fam 10,000 a kan kowane ma'aikaci marar izini (yau tarar tana kaiwa fam 60,000 ga wanda ya maimaita). Nan da nan kowa ya koma cewa sai ya ga takarda. Wani ya haɗa ni da wani, shi kuma ya kai ni bayan wani shagon aski a kudancin Landan. Na ba da hoto biyu da kuɗin da na daɗe ina tarawa. Bayan 'yan makonni aka miƙo mini koren fasfon Najeriya a cikin ambulan, da tambarin da ke cewa mai shi yana da izinin zama har illa masha Allahu, da katin lambar da ake cire haraji da ita.

Da wannan fasfon na samu aikin dare a wani gidan kula da tsofaffi, daga takwas na dare zuwa takwas na safe. Ka juya wanda ba ya iya juya kansa don kada bayansa ya yi gyambo, ka canza wa wanda ya ɓata shimfiɗa, ka ba da ruwa da cokali, ka rubuta komai a littafi. Akwai wani tsoho, tsohon direban jirgin ƙasa, da mantuwa ta cinye shi har 'ya'yansa ba ya ganewa, amma ba ya yarda kowa ya yi masa aski sai ni. Da asuba, bayan na yi salla a ɗakin wanki a tsakanin injuna, sai in zo masa da ruwan ɗumi da kumfa. Yakan damƙe mini wuyan hannu har in gama gefe ɗaya, sannan ya saki, ya juyo mini ɗaya kuncin. Da sunan da ke cikin fasfon yake kira na, kuma kusan shi ne suna ɗaya da ya rage a kansa. Wannan ya fi komai ci mini rai a shekarun nan.

A gida kuwa cewa na yi ina aiki a asibiti. Ban ce ni likita ne ba, amma ban gyara wa kowa zatonsa ba. Yaron da aka yi wa walima da zai tafi karatu Turai, a ji cewa kashin tsofaffin Turawa yake wankewa? Na gwammace a bar mutane da zatonsu.

Da gidan tsofaffin ya koma hannun wani sabon kamfani sai aka sake duba takardun kowa. Wata safiya, ina shirin tashi, shugabar gidan ta kira ni ofis, na tarar da jami'ai biyu a tsaye. A ofishin 'yan sanda aka ce ina da damar ganin lauya, kuma gwamnati ce za ta biya shi. Jin haka ya sa na ja bakina na yi gum. A tunanina, wanda gwamnati ta biya kunnen gwamnati ne, duk abin da na faɗa masa da safe yana teburin jami'an shige da fice kafin azahar.

Ina da abin ɓoyewa kuwa. Ina zaune ne a gidan wani dattijo ɗan zangon Kumasi, muna ce masa Alhaji, wanda ya ɗauke ni lokacin da ko kuɗin bas ba ni da shi, don kawai ya ji ina Hausa a ƙofar masallaci. Gidan cike yake da mutane, kuma ba kowa ke da takarda ba, har da shi Alhajin. Na san muddin na faɗi adireshi za a je bincike. Saboda haka na faɗi sunana na gaskiya, amma na ce ba ni da takamaiman wurin kwana. Wanda ba shi da adireshi kuwa da wuya a ba shi beli. Fasfona na ainihi, mai ɗauke da bizar da na shigo da ita, yana cikin jaka a ƙarƙashin gadona a gidan Alhaji, tare da takardun albashi da rasiɗan duk kuɗin da na taɓa aikawa gida.

An tuhume ni a ƙarƙashin dokar takardun shaida ta 2010. Dokar ta raba laifin gida biyu. Wanda aka samu da takardar jabu kawai, ba tare da uzuri mai ƙarfi ba, iyakarsa shekara 2. Wanda kuma ya riƙe ta, ya san jabu ce, da niyyar ya nuna ta a matsayin shaidar ko shi wane ne, wannan sashe na 4 ke nan, iyakarsa shekara 10, kuma babbar kotun laifuka ce kaɗai ke yanke masa hukunci. Nawa shi ne na biyun. Na amsa laifi tun zaman farko, wannan kam na yi daidai, domin mai amsawa da wuri ana rage masa kashi ɗaya cikin uku, wanda ya jinkirta sai a rage masa kashi ɗaya cikin huɗu, wanda ya bari sai ranar fara shari'a kuma kashi ɗaya cikin goma ne rabonsa.

Lauyoyinsu iri biyu ne, mai shirya takardu da mai tsayawa gaban alƙali da hular gashi. Ta biyun na fara ganinta ne a safiyar ranar hukunci, a wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin kotu, tana riƙe da fayil ɗin da bai fi shafi goma ba.

"Ta yaya ka shigo ƙasar nan?"

"Da biza."

"Ina fasfon?"

"Ya ɓata."

"Kuɗin da kake samu, ina suke tafiya?"

"Ci da sha."

"Akwai wanda zai rubuto wa alƙali wasiƙa a kanka? Daga wurin aiki, ko masallaci, ko dangi?"

"Ba ni da kowa."

Ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce wato so nake ta shiga gaban alƙali hannu rabbana. Ta ce a bari ta nemi a ɗage zaman, a jira ma'aikatar cikin gida ta tabbatar da maganar bizar, tunda masu gabatar da ƙara sun ce amsa ba ta iso ba. Na ce a'a, a gama yau. Tsorona shi ne kada tone-tone ya kai su ƙofar Alhaji.

Sai daga baya na san ma'aunin da alƙalin ya auna ni da shi. A ƙarshen shekarun 1990, a shari'ar Singh, kotun ɗaukaka ƙara ta ce wata 6 zuwa 9 ya dace da mai amfani da fasfon jabu. A 2004, a shari'ar Kolawole, ta ɗaga ma'aunin zuwa wata 12 zuwa 18, ko da mutum bai taɓa laifi ba kuma ya amsa da bakinsa. Dalilin da ta bayar shi ne abubuwan da suka faru a duniya a shekarun da suka gabata, kuma kowa ya san hare-haren 11 ga Satumban 2001 suna gaba a cikinsu. Daga lokacin fasfon jabu ya zama maganar tsaron kan iyaka. Alƙalina ya ce a gabansa yana da mutum marar adireshi, wanda babu wata shaida a kan yadda ya shigo ƙasar, wanda aka kama da fasfo da tambarin izinin zama duka na jabu. Ya fara daga wata 18, ya cire mini 6 na amsa laifi. A wurinsa ƙasan ma'auni ya ajiye ni.

Ya faɗi wata magana da har yau ba ni da amsarta. Kafin a ɗauki mutum aikin kula da tsofaffi, sai an binciki sunansa a kundin masu laifi. Sunan da na bayar babu komai a kansa, saboda babu mutum a bayansa. Ni ban cuci kowa a gidan nan ba, amma hanyar da na bi na shiga, mugu ma zai iya bin ta ya isa gadon tsohon nan da ba ya iya faɗin abin da aka yi masa. Duk wanda ya ce wannan laifi ba ya cutar da kowa, bai taɓa tsayuwa shi kaɗai cikin dare a kan mutumin da ba ya iya ɗaga hannu ba.

Ban daɗe a gidan yari ba sai ga takarda daga hukumar shige da fice, ana sanar da ni cewa na shiga sahun waɗanda doka ta wajabta a kora. A nan na fara jin labarin wata 12 ɗin nan.

A ɓangarenmu akwai wani Bahaushen Sudan, Hausarsa irin ta tsofaffi, gauraye da Larabci. Shi gudowa ya yi bayan an tsare shi a can, aka kama shi a filin jirgi yana ƙoƙarin wucewa Kanada da fasfon da ba nasa ba. An ce masa ya amsa laifi ya samu ragi, ya amsa. Abin da ba a gaya masa ba shi ne, mai yiwuwa ma doka ba ta ɗauke shi mai laifi ba. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951, a sashenta na 31, ta hana a hukunta ɗan gudun hijira saboda ya shigo ta haramtacciyar hanya, matuƙar ya cika wasu sharuɗɗa, don kuwa mai gudun ransa ba ya tsayawa layin biza. Bayan shari'ar Adimi a 1999, Birtaniya ta sanya wannan kariya a cikin dokarta. A 2008, a shari'ar Asfaw, wata 'yar Habasha da aka kama a filin jirgin Heathrow za ta wuce Amurka, kotun ƙoli ta lokacin ta ce kariyar ta haɗa har da mai wucewa. A 2013 kuma, a shari'ar Mateta, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin wasu masu neman mafaka saboda lauyoyinsu ba su gaya musu suna da wannan kariya ba. Irin su ba ragin watanni suke nema ba, soke laifin gaba ɗaya suke nema. An mayar da abokin nan nawa wani gidan yarin kafin in fita, kuma har yau idan na tuna yadda yake naɗe takardunsa a cikin ledar burodi sai zuciyata ta karye.

Ni wannan ƙofar ba tawa ba ce. Ba gudun mutuwa na yi ba. An ba ni shawarar in ƙirƙiro labarin neman mafaka, na ƙi, domin ƙarya irin wannan ita ke sa a ƙi yarda da masu gaskiya kamarsa.

Limamin da ke zuwa mana ranar Juma'a shi ya warware mini ƙullin. Na ɗan tsakura masa labarin, ya saurara, sannan ya ce, "Ɗan'uwa, abin da ka gaya wa lauyarka don ta kare ka amana ce da doka ta tsare. Ɗan sanda ba shi da ikon sa ta ta faɗa, alƙali ma haka. Gwamnati ce ke biyan ta, amma kai take yi wa aiki." Na koma ɗaki jikina duk ya mutu. Ashe tun ranar farko da akwai hanyar da fasfona zai isa gaban alƙali ba tare da ɗan sanda ya taka gidan Alhaji ba.

A makon ne wasiƙar lauyar ta iso. Ta ce tana ganin akwai hujjar ɗaukaka ƙara, amma kwana 28 kaɗai doka ta bayar daga ranar hukunci, kuma ba za ta iya komai ba sai na buɗe baki. Ta kawo shari'ar Ovieriakhi ta 2009. Wata 'yar Najeriya ce da ta shigo bisa ƙa'ida, ta wuce wa'adinta, ta yi amfani da fasfon jabu ta samu aikin jinya. An ba ta wata 12, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da shi 6. Kotun ta ce laifin nan hawa-hawa ne: a sama akwai mai amfani da fasfo don ya tsallake shingen kan iyaka, a ƙasa kuma akwai wanda fasfon bai shigo da shi ƙasar ba, aiki kawai ya nema da shi don ya ci abinci. Ina karantawa ina ganin labarina a ciki. Bambancinmu da ita ɗaya ne, an san yadda ta shigo.

Da lauyan takardu ya zo gidan yari, na zayyana masa komai. Ban kira Alhaji da kaina ba, saboda wayar gidan yari ana naɗarta, kuma sai an tantance lamba. Lauyan ne ya kira shi. Washegari da sassafe dattijon nan, wanda ko ganin motar 'yan sanda ba ya so, ya hau bas ya kai jakar ofishin lauyoyi da hannunsa. Saƙon da ya bayar a kawo mini gajere ne: "Ku ce wa yaron nan na gode, Allah ya saka masa. Amma da ya aiko tun ranar farko, da ƙafata zan kawo."

Kiran Yaya shi ne mai wuya.

"Yaya, ina gidan yari."

Ya yi shiru har na zaci layi ya katse. "Kisa ka yi?"

"A'a."

"Sata?"

"A'a, Yaya. Takardar bogi na yi aiki da ita."

Tunda na fara, sai na ƙarasa. Na gaya masa babu wani asibiti, na gaya masa ainihin aikin, har canjin shimfiɗar. Ya ce, "To kuɗin da ake wanke wa Inna ƙoda da su, daga nan suke fitowa?" Na ce e. Ya ce, "To me ka gani na kunya a ciki? Ai jinya biyu kake yi." Cikin 'yan kwanaki ya karɓo takardar likita da rasiɗan wankin ƙoda, ya kai shagon kwamfuta aka aiko wa lauya. Ranakun rasiɗan asibiti da ranakun da nake aika kuɗi suna bin juna wata-wata, ba sai an yi wa kowa bayani ba.

Shugabar gidan tsofaffin kuwa na ɗauka ba ta son ko jin sunana. Sai ga wasiƙarta. Ta fara da cewa na yaudare ta, na jefa aikinta da sunan gidan cikin haɗari, kuma ranta ya ɓaci ƙwarai. Sannan ta ci gaba da bayanin yadda nake aiki, dare nawa na karɓi aikin wasu, da yadda tsohon direban nan ya ƙi yarda a taɓa fuskarsa tun da na tafi. Na roƙi lauya a cire layukan farko. Ta ce su ne ƙarfin wasiƙar. Alƙalai sun gaji da wasiƙun da ke cewa wane mutumin kirki ne, daga mutanen da ba su ma san abin da ya yi ba. Wasiƙar da ke da nauyi ita ce ta wanda ya san laifin, laifin ya taɓa shi, kuma duk da haka ya ga ya dace ya faɗi alherin da ya gani. Takardun albashin su ma sun yi magana: kowane wata an cire haraji, ban taɓa karɓar tallafin gwamnati ba, ban ci bashin banki da sunan ba.

Ɗaukaka ƙara a kan hukunci ba sake shari'a ba ce. Ana cike fom, a rubuta hujjoji, alƙali ɗaya ya karanta a ofishinsa ya ga ko akwai abin saurare. In ya ƙi, kana iya sake nema a gaban cikakkiyar kotu, amma in suka ga ɓata musu lokaci ka yi, suna da ikon cewa wasu daga cikin kwanakin da ka riga ka yi ba za a lissafa su ba. Ba za su ƙara maka hukuncin kansa ba, wata doka ta 1968 ta hana. Kuma bai isa ba a ce da su ne da sun ba da ƙasa da haka. Sai an nuna hukuncin ya yi tsanani fiye da kima a fili, ko kuma an gina shi a kan kuskuren ƙa'ida. Matsalarmu ita ce, duk abin da muke ɗauke da shi yanzu alƙalin farko bai gani ba, kuma kotun ba ta son a ɓoye abu a ƙasa a zo a fito da shi a sama. Dole na rubuta bayanin dalilin shiruna, ba tare da na ambaci suna ko unguwa ba.

Abu ɗaya na nace a sa, lauyar ta ƙi. Na ce ta gaya musu ko wata ɗaya suka rage, na tsira daga korar dole. Ta ce a shekarar nan ma, 2011, a shari'ar Mintchev, kotun ta yanke cewa ba daidai ba ne a rage hukuncin da ya dace don kawai a kauce wa dokar kora. In muka kawo wannan, mun raunana sauran hujjojinmu. Na gane hikimar: ba a so baƙo ya samu sauƙin da ɗan ƙasa ba zai samu ba a laifi iri ɗaya. Amma har yau raina bai kwanta da ita ba. Ɗan ƙasa in ya gama wata 12 gida zai koma wurin 'ya'yansa. Baƙon da ya haifi 'ya'ya a can, wata 12 ɗin nan na iya raba shi da su shekaru. A ce wa alƙali ya rufe ido daga wannan yana rubuta lamba, ni ban ga adalcin ya cika ba. Na ga mutane a gidan yarin nan da hukuncinsu na gaskiya sai bayan sun gama ɗaurin ya fara.

Ranar sauraro ba a kai ni ginin kotun da ke titin Strand ba. A wani ɗaki a gidan yari aka zaunar da ni gaban talabijin, ina ganin alƙalai a can sama, lauyata a ƙasa. Sun riga sun karanta komai. Suka yi mata 'yan tambayoyi, ɗaya ya ɗaga fasfona na gaskiya ya buɗe shafin bizar, suka haɗa kai suka yi magana ƙasa-ƙasa. Sannan ɗayansu ya karanto hukunci. Ya ce ba su ga laifin alƙalin farko ba bisa abin da aka ajiye a gabansa. Ya ce ɗauri ya zama dole, musamman saboda irin wurin da na yi aiki. Amma tunda yanzu ta tabbata na shigo bisa ƙa'ida, kuma fasfon neman abinci kawai na yi da shi, sun soke wata 12 sun maye gurbinsa da 6. Duka zaman bai kai tsawon huɗubar Juma'a ba.

A lokacin rabin hukunci ake yi a ciki, kuma kwanakin da aka yi a tsare kafin hukunci suna shiga lissafi, don haka a ranar na riga na gama nawa har da ƙari. Amma ban fita titi ba. Cin nasarar ɗaukaka ƙara ba ya ba mutum izinin zama. Ni dai mai wuce wa'adin biza ne kamar yadda nake tun 2008, sai aka mayar da ni wurin tsare baƙi. Abin da na samu shi ne, korar dole ta sauka daga kaina, kuma akwai takardar kotu da ta faɗi gaskiyar yadda na shigo da abin da na yi da kuɗin. Na sa hannu cewa zan tafi da kaina. Ofishin jakadancin Najeriya ya ba ni takardar tafiya ta gaggawa, na sauka gida a farkon 2012.

Mutanenmu da ke can Ingila suna da yawa, daga Najeriya da Nijar da zangunan Gana, kuma mun tashi da tarbiyyar rufin asiri. Ba ka faɗin talaucin gidanku, ba ka faɗin ciwon mahaifiyarka, ba ka tona wanda ya ba ka masauki. Tarbiyya ce mai kyau, ba na neman kowa ya yar da ita, kuma ko yau aka mayar da ni ba zan ba 'yan sanda adireshin Alhaji ba. Amma kotun can da takarda take aiki. Alƙali bai san gidanku ba, ba zai karanci kunya a sunkuyar da kanka ba, abin da ke cikin fayil shi ne kai a wurinsa. Neman sassauci kuma ba kuka ba ne, ba kuma cewa kowa ma yana yi ba ne. Shi ne ka amsa abin da ka yi ba tare da kwana-kwana ba, sannan ka ajiye shaidar yadda ka shigo, da abin da ya tura ka, da abin da ba ka yi ba alhali kana da dama. Waɗannan duka lauya ake ba, tun a daren farko, a ɗakin da doka ta ce babu mai saurare. 'Yan'uwa na gida kuma, idan irin wannan waya ta zo muku, ku ajiye faɗa sai daga baya, ku tashi ku nemo takardar asibiti da rasiɗai, don kwana 28 ba ya jiran kowa ya huce.

Laifin yana nan a kan sunana na gaskiya. Duk fom ɗin da ya tambayi ko an taɓa ɗaure ni, e nake rubutawa, in haɗa da kwafin hukuncin kotun ɗaukaka ƙara. Wasu wuraren sun mayar da ni saboda haka, wani asibiti mai zaman kansa kuma ya ɗauke ni, ina kula da ɓangaren masu doguwar jinya. Inna ta rayu har ta ga aurena. Alhaji ya samu takardarsa daga baya ta ƙa'idar wanda ya shekara 20 a ƙasar, kuma a tafiyarsa ta farko zuwa Kumasi ya biyo ta Kano ya yi mana gaisuwar Inna, ya kwana a gidan Yaya, sannan ya wuce.